Ƙyallin da Ya Ruɗe Ni

A shekarar 2016 wasu masana na Jami'ar Toronto da ke Kanada, ƙarƙashin jagorancin Warren Chan, suka tattara rahotannin bincike na shekara goma a kan magungunan ciwon daji da ake ƙunshewa cikin mitsi-mitsin kafso, irin waɗanda ake kira nano. Tambayarsu guda ce: idan an yi wa ɓera mai ƙarin daji allurar irin wannan magani, nawa ne daga ciki yake isa ƙarin? Amsar da suka samu, a tsaka-tsaki, ita ce kashi 0.7 cikin 100. Wato cikin kafso 1,000, bakwai kacal. Sauran sai a neme su a hanta da saifa da wasu sassan jiki. Sun kuma nuna cewa a tsawon waɗannan shekaru goma adadin bai yi wani motsi ba.

Na karanta wannan rahoto tun ina farkon karatun digirin digirgir a fannin haɗa sinadarai, a wata jami'a a Turai. Na gane shi sarai, har na tashi na yi bayaninsa a gaban abokan karatu. Sai dai na ɗauke shi a matsayin labarin wasu, masu aikin gaggawa, ba nawa ba. Ba a jima ba sai ga ni a cikin ramin da rahoton ya nuna da yatsa, na kuma jawo wasu suka faɗa tare da ni.

Aikina ya shafi maganin daji da ake tayarwa da haske. Irin wannan magani yana buƙatar abu uku su haɗu a wuri guda, a lokaci guda: sinadari mai shan haske, da hasken da ya dace da shi, da iskar oksijin. Idan hasken ya sauka a kan sinadarin, sai ya karɓi ƙarfinsa ya miƙa wa oksijin ɗin da ke kusa da shi, ita kuma ta rikiɗe ta zama mai ƙuna, tana lalata duk abin da ta taɓa. Amma ranta gajere ne ƙwarai. A cikin ruwa ba ta wuce 'yan kaso cikin miliyan na daƙiƙa ɗaya, nisan da take iya tafiya kuwa bai kai faɗin ƙwayar halitta guda ba. Saboda haka in maganin ba ya cikin ƙwayar dajin, ko manne da jikinta, ko kwana aka yi ana haskawa aikin banza ne.

Tunanin ya daɗe. A 1900 wani ɗalibi a birnin Munich na Jamus, Oscar Raab, ya lura cewa wani rini yana saurin kashe ƙananan halittun ruwa idan akwai haske. A 1913 wani likita Bajamushe, Friedrich Meyer-Betz, ya yi wa kansa allurar miligiram 200 na wani sinadari da ake samu daga jini, ya fita rana, fuskarsa da hannuwansa suka kumbura suntum, ya kuma kwashe wajen wata biyu rana tana cutar da shi. Ko Photofrin, wanda aikin Thomas Dougherty a birnin Buffalo na Amurka ya share wa hanya, kuma Kanada ta fara amincewa da shi a 1993, wanda aka yi wa allurarsa sai ya yi aƙalla wata guda yana gudun rana da fitila mai ƙarfi, domin maganin yana zama a fata. Tun farkon fari ke nan matsalar ba ta rashin ƙarfi ba ce. Maganin yana zuwa inda ba a aike shi ba.

Ƙarafa kuwa ta wata ƙofa suka shigo. A 1965 Barnett Rosenberg na Jami'ar Jihar Michigan ya gano cewa wani mahaɗi na filatinam yana hana ƙwayoyin bakteriya rabuwa. Daga nan aka samu sisfilatin, wanda Amurka ta amince da shi a 1978, kuma har gobe yana cikin manyan magungunan kemo. Yana warkar da dajin maraina a mafi yawan masu shi, amma yana taɓa ƙoda, yana rage ji, yana sa amai mai tsanani. Don haka masu haɗa sinadarai suka daɗe suna burin samun maganin ƙarfe wanda zai yi barci a duhu, sai an haska shi a kan ƙarin kaɗai ya farka. Ƙarfen da aka fi sa wa rai shi ne rutiniyam, ɗan gidan su filatinam. Ana iya sauya sinadaran da ke kewaye da shi ɗaya bayan ɗaya, a gyara launin hasken da yake sha, a gyara yadda yake shiga ƙwayar halitta. Akwai mahaɗansa da gubarsu ke ninkuwa sau dubu ko fiye idan haske ya same su.

Nawa mahaɗin gari ne mai launin ruwan lemo. Ina ajiye shi a 'yar kwalba naɗe da takardar alminiyam, ina aiki da shi a ɗakin da aka rage wa fitila. Gwajin farko a farantin roba mai ramuka 96 ake yinsa, kowane rami da ƙwayoyin daji a cikin ruwan abincinsu. Faranti biyu iri ɗaya: a haska guda, a bar guda a duhu. Daga baya sai a ɗiga wani sinadari ruwan ɗorawa, wanda rayayyun ƙwayoyi ke mayarwa shunayya. Ranar da na buɗe nawa, farantin duhu ya rine daga gefe zuwa gefe, farantin haske kuwa ramukansa suka tsaya fayau, alamar ba sauran mai rai a ciki. Na daɗe tsaye ina kallonsu. Ban tuna a lokacin ba cewa a faranti babu hanta, babu ƙoda, babu jini mai gudu. Kai ne ke ɗiga maganin a kan ƙwayoyin da hannunka, iska ta wadata, haske kuma ba abin da ya tare masa hanya.

Garin nawa ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka ba a iya yin allurarsa haka nan. Sai na ƙunshe shi a kafson roba mai narkewa a jiki, mai faɗin kusan nanomita 100. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Hujjata ita ce wadda kowa a fagen yake kafawa. A 1986 Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda na Jami'ar Kumamoto a Japan sun nuna cewa manyan ƙwayoyin sinadari suna taruwa a ƙarin daji su daɗe, suka danganta hakan da cewa jijiyoyin jinin ƙari an gina su ne a gurguje, suna yoyo, magudanan da ke kwashe ruwa daga naman kuma ba sa aiki yadda ya kamata. Binciken gaskiya ne. Laifina shi ne na mayar da shi tamkar alkawarin da aka yi wa kowane kafso, har da nawa.

Don in ga inda kafson ya nufa, sai na ƙara masa wani rini na daban, mai ƙyalli da irin hasken da ke iya ratsa fata. Aka yi wa ɓerayen allura ta jijiyar wutsiya. Kowannensu yana da ƙari a ƙarƙashin fatar kwiɓinsa. Washegari aka sa su barci, na jera su a cikin akwatin ɗaukar hoto, ƙarin yana fuskantar kyamara, na rufe ƙofar. A fuskar kwamfuta sai ga jikin ɓera toka-toka, ga ja da ruwan ɗorawa sun taru daidai kan ƙarin. Akwai wani haske a wajen ciki, ɓangaren hanta, na gan shi, na ce ai wannan sananne ne, kowa yana samunsa. Na gyara ma'aunin launin hoton har ƙarin ya fito raɗau.

A sashenmu akwai wata dattijuwa mai kula da na'urorin awo, wadda take wannan aiki tun ban shiga sakandare ba. Na kai mata hoton ina murna. Ta duba, ta ɗago kai ta ce, "Hoton ya yi kyau. Ka auna ƙarfen?" Na ce ai ga shi nan ana gani. Ta ce abin da ake gani rini ne, ba rutiniyam ba. Ta yi mini bayani a natse cewa mu masu aiki da ƙarfe muna da gatan da sauran masu haɗa magani ba su da shi. Jikin ɓera ba ya yin rutiniyam, duk wanda aka samu a ciki kai ka saka shi. A yanko hanta da saifa da ƙoda da fata da ƙarin, a auna nauyinsu, a narkar da su a asid, a ba na'urar nan mai suna ICP-MS, wadda ke ƙona samfur a zafin dubban digiri ta ƙidaya ƙarfen da ke ciki. Ta ce in na kawo mata naman, za ta sama mini gurbi.

Na ce mata layin na'urar yana da tsawo, ga taron da zan gabatar da aikin ya matso, zan yi daga baya. Duka wannan gaskiya ne, amma ba shi ne ya hana ni ba. Abu biyu ne suka hana ni. Na raina ta a zuciyata don ba ta da digirin da nake nema. Sannan ina tsoron amsar. Hoton yana gaya mini abin da nake so in ji, ban shirya wani ya ƙaryata shi ba.

Na je taron na tsaya gaban mutane na ce kafsona yana taruwa a ƙarin daji. Malamin da ke duba aikina ya yarda da ni, ya sa maganar a rahoton da ya aika wa masu ba mu kuɗin bincike. Wata sabuwar ɗaliba da ta shigo sashen aka ɗora aikinta a kan nawa, ta soma shirya gwajin warkarwa: a yi allura, a jira, a haska ƙarin, a bi girmansa.

A cikin waɗannan kwanaki ne Kawu ya kira ni daga gida. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, na ji an ce kuna haɗa maganin daji wanda ake kunnawa da fitila. Haka ne?" Na ce haka ne, Kawu. Ya ce akwai amininsa da ya daɗe yana fitsarin jini, likitoci sun ce daji ne a mafitsara, sun kuma ce sai an yi aiki an cire ta. Iyalinsa sun tsorata. "To, naku ɗin nan yaushe zai fito?" Na ce, "An kusa, Kawu, in Allah ya yarda. A Kanada har an fara gwada irinsa a kan masu dajin mafitsara, namu ma ya nuna alamar nasara." Ya yi ta sa mini albarka. Kowace kalma da na faɗa, in an ware ta ita kaɗai, ana iya kare ta. Amma ban gaya masa cewa namu ko ɓera bai warkar ba tukuna, ban kuma gaya masa irin masu ciwon da gwajin Kanada ya shafa ba. Dattijo ya tambayi ɗansa mai ilmi, ɗan ya ce an kusa. Me zai kai wa iyalin amininsa in ba a ɗan dakata ba?

Gwajin warkarwar bai yi ba. Ɓerayen da aka yi wa allura aka haska, ƙarinsu ya ci gaba da girma kusan daidai da na waɗanda ba a yi wa komai ba. Ɗalibar ta zargi kanta. Ta sake auna ƙarfin fitilar, ta sauya tazarar da ke tsakanin allura da haskawa, ta maimaita da wasu ɓerayen. Ina kallonta tana zuwa da sassafe tana komawa da dare, ina ba ta shawarwari a kan fitila, alhali a ƙasan raina na san tambayar da ban amsa ba. Sai da aka sake asarar wani rukunin dabbobi sannan na ɗauki 'yan kwalaben nama daga firiza na nufi ofishin dattijuwar. Ba ta ce mini ai na gaya maka ba. Ta karɓa, ta rubuta lamba a jikin kowace kwalba, ta nuna mini yadda ake zuba asid ɗin a ƙarƙashin murfin da ke zuƙe hayaƙi. Tsokar hanta ja-wur ta narke ta koma ruwa garau.

Takardar sakamakon shafi ɗaya ce. Hanta da saifa sun kwashe mafi yawan ƙarfen. Akwai wani abu a ƙoda, akwai a fata. Abin da ya isa ƙarin bai taka kara ya karya ba. Da muka bi sawu, sai muka ga rinin nan ba ya zama a cikin kafson idan ya shiga jini, yana zamewa ya hau kan furotin da kitsen da ke yawo a cikin jinin, su kai shi inda suka ga dama. Ƙari a kan haka, ƙarin ɓeran yana dab da fata, kusa da kyamara, ita kuwa hanta tana can ciki nama ya rufe ta, don haka ɗan hasken da ke sama ya fi mai yawan da ke ƙasa fitowa a hoto. Na zama kamar wanda ya ga hular ɗan aike a ƙofar gida ya shiga shelar cewa saƙo ya iso.

Da farko na nemi abin da zan fake da shi. Na ce ai maganin haske ne, wanda ya tafi hanta yana cikin duhu, ba zai yi ɓarna ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma shi ne babban abin da ya sa ake son wannan hanya: haske yana zaɓen wuri ko da magani bai zaɓa ba. Akwai ma masanan da suka soki lissafin Toronto, suna cewa maganin da ba a ƙunshe ba abin da ke isa ƙari daga cikinsa bai ma kai haka ba, kuma amfanin kafso wani lokaci kare lafiyayyen nama ne, kamar yadda Doxil, wanda aka amince da shi a 1995, yake rage illar da maganin da ke cikinsa ke yi wa zuciya. Na yarda da su. Sai dai wannan bai wanke ni ba. Ƙarfe mai nauyi da ya zauna a hanta dole a san ranar fitarsa, wanda ya je fata rana za ta same shi, wanda bai je ƙari ba kuma ba abin da fitila za ta tayar. Ban da haka, ni ba cewa na yi kafsona yana kare lafiyayyen nama ba. Cewa na yi yana taruwa a ƙari, kuma ban auna ba.

Na fara zuwa wurin ɗalibar, na gaya mata ba fitilarta ba ce, ni ne, na kuma gaya mata cewa an ba ni shawarar yin awon tun kafin ta zo na ƙi. Ta yi shiru, sannan ta ce watanninta fa? Ba ni da amsa sai haƙuri. Na je wurin malamina, muka janye rubutun da muke shirin aika wa wata mujallar kimiyya, ya kuma rubuta wa masu ba da kuɗi gyara. Sannan na kira gida. Na ce, "Kawu, ku yafe ni, maganar da na yi muku ba daidai ba ce. Don Allah ku gaya musu su koma asibiti su bi abin da likita ya ce." Ya ce, "To ai sun ɗaga aikin, suna jiran naku." An yi wa mutumin aiki daga baya, Allah kuma ya yi masa rasuwa bayan ya sha jinya, Allah ya jiƙansa. Kwana na Allah ne, amma makonnin da aka yi ana jira da bakina aka yi su, kuma ba na neman wanda zai ce mini ba komai.

Bayan wannan ne na koma na karanta fagen da nake ciki da idon wanda ya sha wuya. Ashe isa ƙarin ma somin-taɓi ne. Kafso yana shiga jini furotin suke lulluɓe shi, ƙwayoyin da ke gadin hanta su gane shi a matsayin baƙo su haɗiye. Wanda ya tsira ya kai ƙarin sai ya tarar da matsin ruwa mai yawa a cikinsa yana turo shi waje, abin da Rakesh Jain na Jami'ar Harvard ya shafe shekaru yana bayani. A 2018 mutanen Toronto ɗin nan suka bi wasu ƙwayoyin nano na zinariya da aka maƙala wa sinadarin da ke neman ƙwayar daji, suka tarar ƙasa da 14 cikin miliyan ɗaya ne suka kai ga ƙwayoyin dajin kansu. Sauran da suka shiga ƙarin sun maƙale a sarƙaƙiyar da ke tsakanin ƙwayoyi, ko ƙwayoyin garkuwar jiki sun cinye su. A 2020 kuma suka kawo hujjar cewa mafi yawan masu shiga ba ta ɓular jijiya suke bi ba, ƙwayoyin bangon jijiyar ne ke ɗaukarsu su tsallakar da su. Ke nan harsashin da na yi gini a kai, shi kansa ana jayayya a kansa.

In ma kafson ya isa, sai ya saki abin da ya ɗauko. An taɓa ƙunshe sisfilatin a kafson kitse mai suna SPI-077, ya daɗe yana yawo a jini, illarsa ta ragu, amma a gwajin da aka yi wa marasa lafiya bai yi wani tasiri ba, domin ya riƙe maganin gam ya ƙi saki. Sannan ga oksijin, wadda ba ta yin nisa da jijiyar jini fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita, shi ya sa tsakiyar ƙari kan zama a shaƙe. Wannan ne ya sa Peter Sadler na Jami'ar Warwick a Ingila da Sylvestre Bonnet na Jami'ar Leiden a Holan suke aiki a kan mahaɗan filatinam da rutiniyam waɗanda haske ke ɓalle musu wani sashe mai guba, ba tare da dogaro da oksijin ba. Shi kansa hasken yana da iyaka. Jini yana shanye shuɗi da kore, irin wanda yawancin mahaɗan rutiniyam ke so. Ja ne ke ɗan nutsawa, shi ma 'yan milimitoci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne magungunan ƙarfe biyu da suka yi nisa har suka kai ga mutane, domin dukansu ba su yi gardama da jiki ba, gajeruwar hanya suka nema. Na farko shi ne TLD-1433, mahaɗin rutiniyam da Sherri McFarland ta ƙirƙiro, wanda kamfanin Theralase na Toronto ya kai asibiti. Shi ne na Kanada da na ambata wa Kawu. Ba a yin allurarsa a jijiya sam. Ta robar fitsari ake zuba shi cikin mafitsara, ya zauna kamar awa guda, a zubar, a wanke, sannan a zura siririn zaren gilashi mai ɗauke da koren hasken leza a haska bangon mafitsarar daga ciki. Hanta ba ta samu damar tare shi ba. Rashin nutsawar koren haske ma ya zama alheri a nan, domin a gwaje-gwajen baya da Photofrin da jan haske an samu waɗanda naman mafitsararsu ya ƙone ta tsuke. Zangon farko na gwajin, a kan mutum 6, ya kammala a 2018, aka wuce zango na biyu.

Na biyu shi ne Tookad, mai ɗauke da faladiyam, wanda Avigdor Scherz da Yoram Salomon na Cibiyar Weizmann a Isra'ila suka samo daga sinadarin da wasu bakteriya ke kama hasken rana da shi. Shi ta jijiya ake ba da shi, amma ba a jiran ya fita daga jini ya nemi ƙwayar daji. Yana cikin jinin ake haska wurin da haske mai tsawon nanomita 753, ya toshe jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2017 don dajin furostet marar tsanani, ko da yake a 2020 kwamitin masu ba hukumar magunguna ta Amurka shawara ya ƙi goya masa baya. Ko wanda ya warware matsalar isa, akwai sauran tambayoyi a gabansa.

Ra'ayina a yau shi ne fagen nan ya fi ƙarfi wajen haɗa sabbin mahaɗai a kan bin sawun waɗanda aka riga aka haɗa. Kowane wata mujallu na fitar da sabon rutiniyam ko iridiyam mai kashe ƙwayoyi a faranti, domin wannan aiki ne mai sauri mai kyan hoto. Narkar da hantar ɓera a asid ba ya ƙayatar da kowa, sau da yawa kuma labarin da yake bayarwa ba mai daɗi ba ne. Dabarun da ake gwadawa suna da ma'ana: a ɗora maganin a kan furotin da jini ke ɗauke da su tun asali, irin albumin da taransferin, ko a maƙala shi ga sinadarin garkuwar jiki mai gane ƙwayar daji, kamar Akalux da Japan ta amince da shi a 2020 don dajin kai da wuya. Amma kowace daga cikinsu awo ne zai raba gardama a kanta. Babi mafi tsawo a kundin digirina ya koma bayanin yadda kafsona ya kasa, gaɓa bayan gaɓa, da sunan ɗalibar nan a gaban nawa a rahoton da muka fitar daga baya, da godiya ga dattijuwar da ta yi awon. Ɗaliban da nake dubawa yanzu ba na karɓar hoton ƙyalli daga hannunsu sai da takardar ƙidayar ƙarfe a gefensa.

Akwai kuma abin da ya wajaba in faɗa wa mutanenmu, tun da ta bakina aka taɓa ruɗuwa. A yankunan da tsargiya ta yi yawa, yaro kan kamu da ita a rafi ko kududdufi, ya girma yana fitsarin jini ana ɗaukarsa ba komai ba, alhali ƙwayayen tsutsar suna cin bangon mafitsara shekara da shekaru har su iya haifar da daji. Da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya ratsa cikin naman mafitsarar. Tsargiya kuwa tana da magani, furazikwantel, mai sauƙin samu da sauƙin sha. Gwajin Kanada an tsara shi ne don dajin da ke saman bangon mafitsara, wanda bai kai ga nama ba. Wanda ciwonsa ya riga ya nutsa, wannan magani ba nasa ba ne ko da yau aka kawo shi ƙofar gidansa. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ko a na ɗansa, ya tafi asibiti a makon. Idan kuma likita ya ce a yi aiki, a yi shi a kan lokaci, kada a jira labarin da aka ji daga Turai.